Wanda Aka Bari a Faifai na Huɗu

Daga gidan Yaya Thongmuan, bayan kasuwar Roi Et,
farkon girbin shinkafa.

Zuwa ga Lamduan, mai sunan fure, furen da ba ya sakin ƙamshinsa sai rana ta yi sanyi! Sanyin idona, ruwan farko a kan busasshiyar gona, farin watan da nake gani kwance cikin kogin Chi in ƙi taɓa ruwan don kada ya watse! Ya ke mai muryar da ke sa tsofaffi su manta da abin taunarsu har ya bushe a baki, karɓi gaisuwa daga wanda ba shi da sauran bakin gaisuwa sai wannan alƙalami.

Kina lafiya, ƙanwata? Don al'ada nake tambaya, domin labarin lafiyarki ya riga ya iso ni, har da ƙari. Ni dai ina nan inda kuka sauke ni, a kan tabarma a ƙarƙashin gidan yayata, tsakanin turakun katako, ni da kaji. Likita ya hana ni magana, ya hana ni barkono, ya hana ni taba. Ki duba fa! Bunlue, mutumin da ke fitar da maza bakwai daga maƙogwaro ɗaya, har da sojojin abokan gaba da karensu, yau in yana son ruwa sai ya buga cokali a jikin kwano. Wanda aka rufe wa baki kuwa tunani ne ke cinsa. Nawa tunanin ba ya zuwa ko'ina sai wurinki, kuma ba kullum yake dawo mini da alheri ba.

Kin san abin da nake yi da ranakuna? Fim ɗin tsibiri nake kallo a cikin kaina, tun daga farko har ƙarshe, ba injin majigi, ba farin kyalle. Turawa sun aiko mana da hoto bebe, ni da ke muka ba shi baki, ni maza ke mata, a kan abin magana guda, wato makirufo, daga wannan filin haikali zuwa wancan, har na fi waɗanda suka yi shi sanin yadda aka ɗinka shi. Faifan fim ɗin na farko na tattara mutane ne. Babban hafsa ya shimfiɗa taswira, ya ɗora yatsa a kan rumbun man jiragen saman abokan gaba, ya ce aikin nan ba ya yiwuwa, saboda haka ku za ku yi shi. Sai a bi su ɗaya bayan ɗaya. Ga Manjo da ba ya murmushi, wanda nake haƙo muryarsa daga cibiyata. Ga mai nakiya, mashayi, da hannunsa ba ya daina rawa sai ya riƙe waya. Ga mai rediyo, mutumin kirki, mai raba wa kowa taba. Ga tsohon Saje da ke yawo da hoton gonarsa a aljihu yana cewa wannan ce fitarsa ta ƙarshe, kuma da ya faɗa sai ki ji matan da ke gaba-gaba suna cewa, “Shi ke nan, wannan ba zai koma gida ba.” Sauran biyun an ɗauko su ne kawai don a sami waɗanda za su fara mutuwa. A faifai na biyu su sauka tsibirin, 'yar masunci ta fito daga cikin duwatsu ta nuna musu hanya, a nan ne ke kike buɗe baki, filin ya yi tsit.

Na sha gaya miki, a irin wannan labari ba a ɗaukar mutum don kyansa. Kowa akwai abin da aka ɗauko shi ya yi, kuma ranar da ya kasa yin abin, ranar ya zama kaya. Ina faɗar haka ina taƙama, don a zatona a cikin motarmu Maigida Kimheng ne hafsa mai taswira, akwatunan maganin tsutsa da man zafi da muke sayarwa a wurin majigi su ne aikin da aka aiko mu, ke ce 'yar masunci, ni kuma wa zan zama in ba Manjo ba? Kaitona! Ashe tun tuni hoton gona na aljihuna ban sani ba.

Yanzu ki zo mu shiga faifai na uku, inda abubuwa ke fara lalacewa. Duk kwanar da suka sha sai su tarar abokan gaba sun riga su, har Manjo ya gane cewa wani daga cikinsu ne ke kai labari. Kin tuna yadda 'yan kallo ke zagin mai nakiya, har wani ya taɓa jifan kyallen da takalmi? Ana zaton wuta a maƙera sai ta tashi a masaƙa. Mai rediyo ne. Kin kuma tuna abin da na ce miki ranar da kika tambaye ni dalilin da ya sa nake ba shi muryata mafi taushi? Na ce kada ki taɓa ba mugu muguwar murya, ki ba shi muryar da za ki yarda ki bar mata jakarki ki tafi wanka.

To Lamduan, hasken gidana, ga tambayata. Tun farkon damina maƙogwarona ke ciwo, ina ɓoyewa da citta da lemun tsami. Babu wanda ya sani. Ke kaɗai kika ga jini a hankicina a bakin rijiyar haikalin Yasothon. Na riƙe hannunki na ce ki rufa mini asiri har mu fita daga lokacin bukukuwa, kika sunkuyar da kai kika ce, “Na ji, Yaya.” Ba a yi nisa ba sai ga Maigida Kimheng yana kirana da fara'a, “Bunlue ɗan'uwana, zo zauna mu sha shayi.” Mutumin da tun da nake da shi ko ruwan wanke kofi bai taɓa ba ni kyauta ba! Ya ce in huta, lafiya ta fi komai, mota ba za ta tsaya ba amma wurina na nan. Ina ɗaga ido sai na hango wani saurayi a rumfar mai taliya, gashi ya sha mai, jakarsa a ɗaure a gefe, takardar maganar fim ɗinmu a hannunsa. Wai shi Prayun. Daga ina ya faɗo? Wa ya gaya masa ana neman murya a Yasothon? Wa ya ba shi takardar har ya fara haddace Manjo tun ba a sallami mai Manjon ba? Ruwa ba ya tsami banza, ƙanwata, kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Wayyo zuciya! Ina rubuta wannan hannuna na cewa ƙarya ne, kaina na cewa duba dai. Ta yaya zan zargi bakin da na sha numfashinsa? Kin tuna ranar da janareta ya mutu mana a wani ƙauye kusa da Selaphum, daidai lokacin da su Manjo ke rarrafe ƙarƙashin wayar ƙaya? Rana ba ta daɗe da faɗuwa ba, sama da sauran ja, kyallen ya koma fari fat, lasifika ta yi shiru. Maigida ya shige ƙarƙashin mota yana zagin injin da uwar injin. Mutane suka fara naɗe tabarmi. Sai kika miƙe a kan akwatin magani, ba hoto ba lasifika, kika ɗaga muryar 'yar masunci kika ce, “Ku sunkuya! Fitilarsu na zuwa!” Na rantse da nonon uwata, na ga dattawa sun sunkuya! Na hau kusa da ke, muka ƙarasa musu labarin da baki zalla, kafaɗarki a jikin tawa, gashinki na ƙamshin man kwakwa, ƙwarin wuta na yawo a kan gonakin shinkafa, ba wanda ya tashi har rumbun ya kama da wuta a cikin kunnuwansu.

A ranar ne, muna naɗe kyalle, na ce miki ina sonki. Kika tsaya da igiya a hannu kika dube ni a karkace kika ce, “Da wace muryar ke nan, Yaya? Ta Manjo ce ko taka? In ta Manjo ce ka ajiye wa matan gaba-gaba.” Na daɗe ina laluben tawa muryar, don na kwana biyu ban yi aiki da ita ba, na same ta 'yar ƙarama, tana rawa, na sake faɗa. Kika ce, “To, wannan na saya.” Ke kika fara yi mini tambayar nan, Lamduan. Yau ga ta na dawo miki da ita.

Domin kin san abin da ke faifai na huɗu. Harsashi ya sami Saje a cinya, ba zai iya hawan dutse ba, aiki kuwa ba ya jiran gurgu. Su jingina shi da wani dutse, su ajiye masa bindiga da taba, 'yar masunci ta durƙusa ta ɗaure masa ƙafa ta ce, “Za mu dawo mu ɗauke ka.” Da kika fara zuwa wurinmu kina faɗar wannan magana da ƙarfi, kamar mai alkawarin dawo da aron turmi. Ni na gyara miki. Na ce a'a, ba wanda ya taɓa dawowa ɗaukar Saje, ita ma ta sani, shi ma ya sani. Ki fara da ƙarfi, ki haɗiye yawu a tsakiya, ki sauke ƙarshen a hankali, yadda kowa zai ji alkawari kuma ya ji ba za a cika ba. Kika koya har kika fi malaminki. Na ga matan da suka binne maza ba su yi kuka ba sun yi kuka a kan wannan kalma taki.

Sai ga ranar da kuka kawo ni ƙofar gidan nan. Kika shimfiɗa mini tabarma da hannunki, kika ajiye kwalbar zuma a gefena, kika durƙusa kika gyara mini mayafi a wuya, Prayun na zaune a kujerata a gaban mota yana duba gashinsa a madubi. Kika ce, “Za mu dawo mu ɗauke ka, Yaya.” Kalmomin nan dai, ba ragi ba ƙari! Kuma kin haɗiye yawu a tsakiya, na gani da idona. Shin kuka ne ya tsaya miki a wuya, ko aiki ne ya bi jikinki? Kaicon mai koyar da sana'a! Na wasa wuƙa da hannuna, yanzu ban san ko don yanka mini gwanda aka ɗauke ta ba ko don wuyana. Kwalbar zumar ma har yau ina kallonta, don ban manta wanda ke raba taba a fim ba.

Yaya Thongmuan ta je Selaphum bikin shigar ɗan ƙawarta hidimar haikali, ta tarar da motarku a can, ta kalli majigin. Tana dawowa na yi ta buga cokali har ta zo ta zauna tana dakan gwanda, ta ce, “To sarkin zargi, me kake son ji? Yaron ya iya. Manjonsa ya fi naka ƙuruciya, 'yan mata har ihu suke.” Na rubuta mata a ƙasa da tsinke: Lamduan fa? Ta ce, “Tana nan kusa da shi mana, ina za ta zauna, a kan rufin mota? Abin magana ɗaya ne, kai ka fi ni sani. Kofin cittarsu ma ɗaya na gani.” Kofi ɗaya, Lamduan! Kofin nan mai tsagaggen baki da na saya a Ubon? Ta ce kuma wurin da Manjo ke riƙe hannun 'yar masunci kin yi wata 'yar dariya. Na san takardar nan kamar tafin hannuna, babu dariya a wurin.

Da ta ga fuskata sai ta ajiye taɓarya ta ce, “Kai Bunlue, tun kana yaro haka kake, in aka ba ka ƙwai sai ka tambayi kazar da ta yi shi. Yarinyar nan ta rame har wuyanta ya fito. Ta ja ni gefe tana tambaya ko kana cin abinci, ko ka daina satar barkono. Kuma in ma ita ta faɗa wa Maigida, sai me? Da ta yi shiru da yanzu muna raba wa masu rawayan mayafi na haikali abincin sadakar mutuwarka. Wawa kawai!” A raina na ce ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Amma maganar ta kwana da ni, ta tashi da ni. Mai rediyo ma ai da dalilinsa, iyalinsa na hannun abokan gaba, kuma duk da haka Manjo bai yafe masa ba. To in dalilinki shi ne raina fa? Wanda ya tona asirinka don ka rayu, me sunansa? Na bincika duk finafinan da na taɓa ba baki, ban sami irin wannan mutum a cikinsu ba, shi ya sa na rasa muryar da zan ba ki.

Abu ɗaya cikin labarinta ya ƙona ni fiye da kofin. Ta ce Prayun na yin Saje da muryar tsohon mashayi, yana tari na wasa, har yara na dariya lokacin da aka jingina shi da dutse. Dariya! A faifai na huɗu! Kina zaune kusa da shi kika bari?

Kin san dabarar Maigida. Daidai lokacin da Manjo ya juyo da bindiga zai faɗi sunan maci amana, sai ya kashe injin, ya kunna fitila, ya hau akwati yana tallan maganin tsutsa, ba za a ci gaba ba sai kwalabe sun ragu. Da can dariya nake yi in ga mutane a tsaye cirko-cirko, rai a wuya. Yau ni ne a wannan wurin. An kashe mini injin a tsakiyar labari, an bar ni da fitila a ido, kuma ba ni da abin da zan saya a ci gaba.

Ga abin da ban gaya wa ko Yaya Thongmuan ba tukuna. Na koma wurin likita. Ya leƙa da ɗan madubinsa ya daɗe, ya ce ciwon zai warke, zan rayu, zan yi magana, amma muryar da na sani ta tafi. Abin da zai rage wata 'yar busasshiyar aba ce mai kaushi, wadda ba za ta wuce tsawon tabarma biyu ba. Manjo ya mutu, Lamduan. Mai nakiya da mai rediyo da hafsa mai taswira duk sun bi shi. Ina gaya miki tun yanzu don kada ki dawo ɗaukar mutumin da babu shi. In za ki dawo, ki san Saje za ki tarar, da ƙafa a ɗaure. Prayun ya riƙe Manjo, na bar masa har da ihun 'yan matan. Amma in da wuri a motar nan ga mai murya ɗaya tak, to muryar mai rauni yanzu ba sai na ƙirƙira ba, kuma na yi alkawari ba yaron da zai sake dariya a wurin.

An ce motarku za ta zo bikin haikalinmu ranar cikar wata. Ba zan zo bayan mota ba, ba zan sa ki kallon idona ki ji kunya ki faɗi abin da ba shi ne a ranki ba. Zan ɗauki tabarmata in zauna cikin jama'a a gindin tsamiyar nan ta hagu, karo na farko a rayuwata da zan kalli fim ɗin tsibiri ta gaba. Kin san dokar sana'armu. Leɓen ɗan wasa sarki ne, in ya motsa sau uku ba ki da ikon kalma ta huɗu, amma in ya juya ƙeya gonarki ce, ki shuka abin da kike so. A irin wuraren nan muke gaida mai gari, mu tsokani mai taliya. To a faifai na ƙarshe, bayan rumbun ya tashi, waɗanda suka rage sun shiga jirgin ruwa, 'yar masunci na tsayawa a bayan jirgin, ƙeyarta gare mu, tana kallon tsibirin na ci da wuta, ta daɗe a haka. Takarda ba ta ce komai ba a wurin. Kin taɓa so ki sa magana na hana ki, na ce bar shiru ya yi aikinsa. Yau na janye hanina.

In har za ki dawo gare ni a yadda na koma, ki ce wa mai tuƙi ya juya jirgin, an bar mutum a baya. Kada ki faɗa da harshen Bangkok da muke yi wa majigi, kada ki faɗa da ko ɗaya daga cikin muryoyin da na koya miki, don duk na san ɗinkinsu. Ki faɗa da harshen ƙauyenku, da muryar nan mai kaifi da kike yi mini faɗa da ita in na zuba barkono a taliya. Ita kaɗai ce ban taɓa sa wa hannu ba, ita kaɗai zan yarda da ita. Na san hoton ba zai juya ba, Turawa sun riga sun gama nasu. Amma mutanen Roi Et za su koma gida da yaƙinin cewa an juya an ɗauko Saje, ni kuma zan miƙe in zagayo bayan mota, in sha zumar nan a gabanki har ƙasan kwalba, ba kuma zan sake tambayar wanda ya kai labari Yasothon ba.

Idan kuwa kika bar wurin shiru kamar yadda na koya miki, ba zan kira ki maci amana ba. Zan ce ɗalibata ta iya aiki, in naɗe tabarmata kafin a kunna fitila.

Ko kin juya jirgin ko ba ki juya ba, ya furen yammacina, ya ruwan da na sha na ƙoshi kuma nake ƙishinsa, ni dai inda kika jingina ni nan nake, ba zan ba wata wurinki ba har kogin Chi ya koma inda ya fito. Da ƙaramar muryar nan da kika saya a Selaphum nake faɗa, ita kaɗai ta rage mini.

Naki, da baki da rashinsa,
Bunlue